Ƙararrawar da Aka Buga wa Eladio da Ransa

Madrid, Oktoba 1983

Baffa Saturnino,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin bana bai fara taɓa maka gwiwoyi ba. Ni lafiyata ƙalau, sai aiki. Yaya jikin Baba? Na buga tarho shagon Paulino, ya ce an ga Baba a taga, amma kai ka ƙi zuwa ka karɓa, wai ba ka magana da bango. To ga takarda, tunda ita kake ganin mutuncinta.

Baffa, an ba ni damar yin fim nawa na kaina, bayan shekarun da na yi ina riƙe wa wasu fitila. Labarin wani tsoho ne mai fasa dutse, ƙura ta cinye masa huhu, yana kwance 'yarsa na jinyarsa har ya cika. Ba sai na faɗa maka inda na samo labarin ba. A ƙarshe ana buga masa ƙararrawar mutuwa. Na saurari duk sautin ƙararrawar da ke ajiye a nan, babu wadda ta kama ƙafar Bárbara, ƙararrawar cocinmu, idan hannunka ne a kan igiyarta. Roƙona shi ne ka hau hasumiya ka buga mana ita, mu ɗauki sautin. Ba zai ci maka rabin safiya ba.

Ka gaida Baba. Kada ka gaya masa abin da fim ɗin ya ƙunsa tukuna, ni zan gaya masa da bakina.

'Yarka,
Casilda

*

Torrecierzo, Oktoba

Casilda,

Takardarki ta iso, na bi ta da yatsa kamar yadda kofur ya koya min a soja. Gwiwoyina suna nan, na bara ne dai. Ubanki yana gaishe ki. Yana tari. Likita ya zo daga birni ya saurari ƙirjinsa, ya yi rubutu, ya shiga motarsa. Ni nake dafa masa miyar tafarnuwa, ni nake juya shi a gado, don tun da uwarki ta rasu babu mace a gidan nan sai hotonta. Tagar da Paulino ya ce an gan shi, ni na ɗauke shi na kai shi.

Maganar Bárbara kuwa, a'a.

Ƙararrawar mutuwa ba kiɗan biki ba ce, tana da mai ita. Idan na ja igiyar nan, uku ga namiji, biyu ga mace, wanda ke gona yakan cire hula, mai wanki a rafi ta miƙe tsaye, kowa ya tambayi na kusa da shi, wa ya rasu? Sai a ba shi suna. To idan na buga miki aka tambaye ni, sunan wa zan bayar? Na ɗan wasan da zai tashi ya wanke fuska ya tafi cin abincin rana?

Ubanmu ne ya miƙa min igiyar nan tun gemu bai fito min ba. Na buga masa shi kansa. Na buga wa tagwayen Eusebia da suka zo suka koma tun ba a gama yi mata barka ba. Na buga wa mutanen da aka harbe a bayan makabarta lokacin yaƙi, bayan an hana ni, har yau idan hadari ya haɗo haƙarƙarina yana tuna min gindin bindiga. Na buga wa uwarki, kina tsaye a ƙasa da takalmin da ya fi ƙafarki. Jikokinsu sun tafi birni sun manta da su, ni ina riƙe da su duka, kuma babu ko ɗaya da na buga a banza.

Sannan mun rage kaɗan a garin nan, duk tsofaffi. Wanda ya ji Bárbara yanzu sai gabansa ya faɗi. Ba zan firgita su saboda silima ba.

Kin ce a fim ɗin 'yar ce take jinyar ubanta. Yarinyar kirki. 'Yar wane gari ce?

Baffanki,
Saturnino

*

Madrid, Nuwamba

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Baba da jiki. Tambayarka ta ƙarshe ta shiga inda ka aika ta. Ba zan yi musu da kai ba. Sai dai ka san wanda ya sa ni a motar Madrid da hannunsa, ya ce kada ya ga ƙafata a Torrecierzo sai na zama wani abu. Kana tsaye a wurin. Yanzu ga shi na kusa. Kowace safiya mutane cike da mota suna jiran abin da zan ce, idan na matsa ko kaɗan komai zai watse, kuma ba a ba mace irin wannan dama a sake ba ta. Da zarar mun gama zan zo in zauna, in karɓe ka.

Maganar ƙararrawa na janye. Za mu nemi ta wani gari.

Casilda

*

Torrecierzo, Disamba

Casilda,

Ina gaishe ki. Muna nan, dusar ƙanƙara ta fara sauka a kan duwatsu amma hanya a buɗe take.

Asirinki ya tonu, kuma ba ni na tona ba. Na bar takardunki a kan tebur na fita ɗebo itace, na dawo na tarar ubanki ya jawo su da sandarsa. Kin san ya fi ni karatu, shi ya yi aji.

Ya ce, "Ta wani gari? Ni za a buga wa ƙararrawar wani gari?"

Na ce, "Ba kai ba ne, ɗan wasa ne."

"Mai fasa dutse, mai tari, mai 'ya ɗaya. Haba Yaya, jakin Paulino ya fi ka gane magana."

Na ce ni ba na buga wa mai rai, kuma ba na bugawa babu suna.

Ya ce, "To ga suna, ka ba su nawa. Tun muna yara kake damun mutane da ƙarfen nan, kowa ya ji ta wani, babu wanda ya taɓa jin tasa. Ni ina so in ji ko ka iya, ko kuwa don mamatan ba sa iya ƙorafi ne kake cika baki."

Na ce, "Eladio, sau ɗaya ake buga wa mutum."

Ya ce, "Wa ya ce maka sau biyu zan mutu?"

Mun yi kwanaki ba ma magana sai ta cokali. Na kai masa miya ya ture. Ni wansa ne, tun yana goye nake cin galaba a kansa, amma ba a yin gardama da wanda ya daina cin abinci. Na yarda. Ban yarda don abin daidai ne ba, ki rubuta wannan ki ajiye.

Asabar ta biyu a cikin watan Janairu, da hantsi, bayan an gama bukukuwa. Na bi gida gida na gaya wa mutane kada su firgita. Fada, limamin cocinmu, ya ce shi bai ji ba bai gani ba.

Tun ranar da na yarda ubanki ya canza. Ya shanye miyarsa ya nemi ƙari. Ya sa na kira wanzami. Jiya har ya zagi gwamnati a rediyo, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya sa na buɗe ɗakinki ya sha iska, na wanke zanen gado, na toshe ramin ɓeran da ke bayan akwati.

Ya kuma sa na rantse da kabarin uwarmu ba zan rubuta miki ki zo ba, wai ba a janye yarinya daga aikinta saboda tari. To ban rubuta ba.

Baffanki,
Saturnino

*

Madrid, Janairu 1984

Baffa,

Mai miƙa maka wannan takarda sunansa Ramiro, shi ne mai ɗaukar mana sauti, ya fi kowa iyawa, kuma mutum ne mai ladabi. Ka yi haƙuri da shi da wayoyinsa.

Ban san yadda zan gode maka ba. Na karanta wasiƙarka a tsaye na yi dariya da hawaye, Baba ya nemi ƙarin miya har yana zagin gwamnati. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na so in zo da kaina, amma tsohon da ke fitowa a matsayin uban wannan makon kaɗai ya rage mana da shi, gobe za mu wuce kudu wajen wani ramin dutse mu ɗauki mutuwarsa. Tunda jikin Baba ya yi sauƙi, na bari sai bikin Ista, bayan sanyi, in zo in daɗe. Ka bar min ɗakin a buɗe.

Ka sumbace min shi a goshi.

Casilda

*

Torrecierzo, Janairu

Casilda,

Gaisuwa. Ni lafiya. Zan gaya miki yadda Asabar ta kasance, don sautin da aka kawo miki ki san abin da ke cikinsa.

Tun da safe ubanki ya tashe ni. Na yi masa aski da kaina, na sa masa farar riga da kwat ɗin aurensa, wanda yanzu mutum biyu irinsa za su shiga. Na ɗora shi a kujerar da ke fuskantar ƙofa, na rufe masa ƙafafu da bargo, ya ce in ja bargon ƙasa kada ya yi kama da majinyaci. Na sa cinyar ɗan rago a wuta.

Shi ya tsara komai. Ya ce, "Idan ta iso ta fara zuwa hasumiya ta yi aikinta. Ba na so ta gan ni ta ɓata ido kafin aiki. Da na ji Bárbara na san ta zo." Sai ya ƙara, yana kallon murhu ba ni ba, "Na'urar ɗaukar sautin ai ba ta da ƙafa. Dole wani ya kawo ta."

A nan ne na gane abin da ya sa ya ƙi cin abinci kwanakin baya. Ya yi gaskiya, jakin Paulino ya fi ni.

Ina gindin hasumiya motar ta tsaya. Mutum ɗaya ya fito, mai sanƙo, ya cire hula ya gaishe ni ya miƙo takardarki. Na leƙa cikin motar duk da haka. Na karanta. Ya ce, "Baba, ko da matsala?" Na ce babu.

Daga inda nake tsaye ina hango hayaƙin gidanmu. Ko in gangara in gaya masa, ko in hau. Na hau. Na riga na ba da kalmata, wannan ɗaya. Na biyun kuma, na ga muddin ƙararrawar tana kaɗawa, a wurinsa kina cikin gari.

Ramiro ya rataya wayoyinsa, ya sa wani abu a kunne, ya ɗaga min yatsa. Na cire hula. Na faɗi sunan a fili kamar yadda nake yi wa kowa, Eladio ɗan Marcelino, na ja. Ban taɓa jan igiyar nan a hankali kamar ranar ba. Na bar kowane bugu ya mutu gaba ɗaya kafin in ɗora na gaba.

Da na gama, Ramiro ya cire abin kunnensa ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai, Baba. Sai dai wani kare ya yi haushi a kan bugun ƙarshe. Ko za a sake?" Na dube shi. Ya fara naɗe wayoyinsa.

Kin tuna Benita ta wajen injin niƙa? Na je har gida na gaya mata, ta yi ta gyaɗa kai, ashe ba ta ji ko kalma ba. Kunnenta ya mutu, amma Bárbara a ƙirji take jin ta. Ta ƙirga uku, ta san namiji ɗaya ne ke kwance a garin, ta yafa baƙin mayafi ta hawo tudu. Ina saukowa na hango ta ta riga ni kwanar gidanmu, gwiwoyina kuma ba sa gudu.

Ubanki ya ji takun mace a kan dutsen ƙofa. Ina daga waje na ji ya kira sunanki, da wata murya da na manta yana da ita.

Benita ta tura ƙofa ta ga gawa a zaune da kwat tana mata murmushi. Ta saki salati irin namu, ta kira duk waliyyan da ta sani, ta zube a ƙasa. Shi kuma ya ce, "Sannu da zuwa Benita, kin yi sammako. Ki dawo wani makon." Ya yi dariya har tarin ya kama shi, na kawo masa tsumma, na ɓoye tsumman.

Da ya lafa ya dubi bayana. Ya daɗe yana duban wurin.

Ya ce, "Tana hasumiya?"

Na ce, "Tana kudu. Aiki."

"Ta dai sami sautin?"

"Ta samu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ka iya, Yaya. Ban zaci haka take da nauyi ba idan ta mutum ce." Sannan ya ce, "Cire min kwat ɗin nan, yana min ƙaiƙayi."

Ramiro ne ya ci ragon. Mutumin kirki ne, ya yi ta yabon gashin, bai san komai ba.

Tun ranar ubanki ya juya fuska bango. Yana shan ruwa. Wanzami ya zo, ubanki ya ce a sallame shi. Rantsuwata tana nan, ba zan rubuta abin da aka hana ni ba. Zan dai gaya miki abin da kowane manomi ya sani, bana Ista tana da nisa.

Saturnino

*

Madrid, Fabrairu

Baffa,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Ya haƙuri.

Ranar da muka dawo daga kudu na tarar da wasiƙarka a ƙarƙashin ƙofa, telegiram ɗin Paulino a kanta. Tare na ɗauke su. Na fara buɗe telegiram ɗin. Wasiƙar a mota na karanta ta, a hanyar zuwa jana'iza.

Ba ka ce min uffan ba a can, ban kuma ga laifinka ba. Amma akwai abin da ya hana ni barci. Mun fito da shi daga gida, mun bi ta gaban coci, har makabarta, babu abin da nake ji sai takalman mutane a kan ƙanƙara. Na yi ta ɗaga kai ina jira. Na ji matan suna raɗa a bayana, wai ba a taɓa kai kirista rami a Torrecierzo shiru kamar dabba ba. Kai kuma kana gaba riƙe da akwatin, makullin hasumiya na lilo a ɗamararka. Ni kake hukuntawa, Baffa? Idan ni ce, da ka hukunta ni ka bar shi.

A nan kullum sai an kunna sautin ana daidaita shi da hoto. Har haushin karen. Ina fita waje idan an zo wurin. Ka ce in cire, in cire, in ƙona kaset ɗin.

Ya ambace ni kafin ya cika? Ka gaya min gaskiya.

Casilda

*

Torrecierzo, Maris

Casilda, 'yata,

Ina gaishe ki. Ya namu haƙurin. Ina nan, gidan ya yi min yawa. Har yanzu idan na tashi dafa miya sai in ga na zuba ruwan mutum biyu.

Ba hukunci ba ne. Da ina son hukunta ki da baki zan yi, kin san ni. Ba a kai ubanki shiru ba. An buga masa, da sunansa da na ubansa, kuma shi kaɗai ne a duk waɗanda na buga wa ya ce min na iya. Idan na sake bugawa, na mayar da ta farkon wasa ke nan, alhali ya saurare ta zaune da kwat, da gaske. Matan su yi ta raɗa. Su ma na san abin da aka ce a kansu.

Da tsakar rana ya cika, ina fere dankali a gefensa. Na ɗago in tambaye shi ko zai iya haɗiye romo, na ga ba sauran tambaya.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Bai ambaci sunanki ba, tun ranar Asabar ɗin bai sake ba. Amma kowace safiya sai ya tambaye ni ko an share hanya, ko mota tana iya hawowa. Bai ce motar wa ba, ni ma ban tambaya ba. Paulino ya ce da na karya rantsuwar na rubuta miki a fili. Paulino mai sayar da giya ne, bai taɓa rantsewa da kabarin uwarsa ba. Na gaya masa haka, na daina shiga shagonsa. Amma maganar tana bina har gona.

Kada ki ƙona komai. Ya biya sautin nan da tsada, ki bar shi a inda ya so ya kasance. Karen ma ki bar shi, na Benita ne, yana binta ne a guje.

Yanzu ga tawa maganar. Shekaranjiya na hau in shafa wa Bárbara mai, a tsakiyar matakala ƙafata ta ƙi, na zauna a wurin har rana ta karkata kafin in sauko da gindi. Ba na jin zan sake hawa. Babu wanda na koya wa, don babu wanda ya rage da zai koya. Duk wanda ya mutu a garin nan daga yau, shiru za a kai shi. Na yi ta juya abin, na ga ni ba zan iya ba. Na raka kowa, ba na so in tafi ba rakiya.

Wannan ƙararrawar da ke kaset ɗin hannunki uku ce, ta namiji, kuma hannuna ne. Ni da Eladio riga ɗaya muka yi ta karɓa-karɓa muna yara, gado ɗaya, akushi ɗaya. Ba zai hana ni wannan ba. Idan ranata ta zo, a kawo na'urar a ajiye a ƙofar coci, a faɗi sunana, a kunna.

Ni babu wanda ya sa na rantse a kan kaina, saboda haka zan rubuta da manyan baƙaƙe yadda ba za ki yi kuskuren karatu ba. Ba na son Ramiro. KI ZO. Kuma kada ki jira telegiram, ki zo tun ina iya buɗe miki ƙofa.

Baffanki,
Saturnino